Duba ƙarin mama da dajin fata a Idi-Araba: yadda aikin yake da inda yake yankewa

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wanda aka fi sani da LUTH, yana Idi-Araba tun 1962, a unguwar da Hausawa suka daɗe da zama har suna da sarkinsu. A watan Fabrairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a cikin harabar asibitin, wadda hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA ta kashe wa kimanin dala miliyan 11, aka girka injinan gashi na zamani, wato masu ƙona ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi, da na'urar hoton da ake auna wurin gashi da ita. Ke nan mai ƙari a mama, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa, zai iya ganin likitan tiyata, a yi masa hoto, a ciri tsoka a auna, a yi masa kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya) da tiyata da gashi ba tare da ya bar unguwa ɗaya ba. A ƙasar da injinan gashi masu aiki ba su taka kara sun karya ba, wannan babban abu ne.

Hukuncinmu a kan aikin shi ne ya cancanci a je, kuma a je da wuri. Kayan aiki akwai, ƙwararru akwai. Abin da yake kayar da marasa lafiya a Legas yana faruwa ne a tsakanin mataki da mataki: tsokar da aka cira ta lalace kafin ta isa ɗakin gwaji, kuɗi ya yanke a tsakiyar kemo, ko a fara da tiyata a wani ƙaramin asibiti alhali da gwaji ya kamata a fara. Saboda haka za mu bi aikin yadda yake a jere.

Yawancin kullutun da mata ke ji a mama ba daji ba ne. Budurwa ko matashiya mai kullutu santsi, mai zillewa a ƙarƙashin yatsa, mara zafi, galibi ƙari ne mara illa. Akwai kuma ƙullin ruwa, akwai maruru na mai shayarwa. Amma hannu kaɗai ba ya rabe su, ko da hannun babban likita ne. Shi ya sa ake gwaji uku tare: dubawa da hannu, hoto, da cirar tsoka. Likita zai duba mama biyun a zaune da kwance, ya taɓa hammata da saman ƙashin wuya yana neman kaluluwa. Abubuwan da suke ɗaga masa hankali su ne kullutu mai tauri da ya kafe wuri ɗaya, kan nono da ya shige ciki bayan da ba haka yake ba, jini daga kan nono ɗaya, fatar da ta kumbura ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, da ƙaiƙayi ko saɓar kan nono da ya ƙi jin magani. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne. Dajin mama a farkonsa yawanci ba ya ciwo, kuma wannan ne ya sa mata da yawa suke zama da shi wata da watanni. Maza ma suna yi, kusan mutum 1 cikin 100 na masu cutar namiji ne.

Hoto iri biyu ne. Mace ƙasa da shekara 40, da mai ciki, da mai shayarwa, sikanin ya fi nuna musu, domin tsokar mamansu a cike take. Daga 40 zuwa sama ana yin mamogiram, wato hoton X-ray na mama, sau da yawa a haɗa da sikanin. Ranar mamogiram kada a shafa hoda ko turaren hammata, domin suna fitowa a hoto kamar ɗigon cuta. A ƙasan takardar sakamako za a ga BI-RADS, wato ma'aunin abin da hoton ya nuna, da lamba daga 0 zuwa 6. Lamba 1 da 2 lafiya lau. Lamba 3 a sake hoto bayan wata 6, kuma a nan ake yawan sakaci, a ɗauka an sallame ta ke nan. Lamba 4 da 5 sai an ciri tsoka. Lamba 0 tana nufin hoton bai isa ba, a ƙara wani. Takardar da ba ta da wannan lamba, a koma a nemi a sa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace tsayar da mutanenmu: wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura sai ya bazu. Mun san inda zancen ya samo asali. Matar da ta zo bayan cutar ta riga ta yi nisa, aka ciri tsoka, bayan wata biyu jiki ya ƙara tsanani, sai a ɗora wa allurar laifi, alhali cutar tafiyarta take yi tun kafin nan. Cirar tsoka ba ta watsa dajin mama. Abin da yake ɓata wuri shi ne sakiya da tsagar wanzami da ɗaura magani mai cin fata, domin suna buɗe gyambo a kan ƙarin, ƙwayoyin cuta su shiga, likitan tiyata ya rasa lafiyayyar fatar da zai rufe wurin da ita. Mai shayarwar da mamanta ya yi ja ya kumbura, in ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mako 1 zuwa 2 bai sauka ba, ta nemi a yi hoto a ciri tsoka, domin akwai nau'in dajin da yake zuwa da kamannin maruru.

Cirar tsokar ba aikin kwanciya ba ne. Ana kashe wurin da allura, a shigar da wata allura mai ɗan kauri, lamba 14, a ciro siraran tsoka 3 zuwa 5, yawanci ana kallo ta sikanin don kada a kuskure ƙarin. Minti 20 zuwa 30 an gama, a danne wurin minti 10, a tafi gida. Mai shan maganin tsinka jini ta faɗa tun kafin ranar. Akwai wani gwajin mai araha da ake zuƙo ruwa da siririyar allura. Yana iya cewa akwai daji, amma ba ya ba da cikakken bayanin da ake tsara magani da shi. In an ba da zaɓi, a zaɓi na tsoka.

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne ake asarar da ba a gani. Tsokar da aka cira dole ta shiga ruwan adana tsoka da ake kira formalin, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, kafin awa 1, ruwan ya ninka tsokar kamar sau 10, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka bar ta a buɗe, ko aka zuba ta a ruwan gishiri ko sifirit, ko aka miƙa wa dangi a kwalba suka kwana uku da ita kafin su kai, alamomin da ake nema a jikinta suna mutuwa. Sai sakamako ya fito ya ce ba ta da alamar da a gaskiya tana da ita, a hana mace maganin da zai yi mata aiki. Fa'idar yin komai a asibitin koyarwa ita ce ɗakin gwajin yana kusa da inda aka ciri tsokar. Mafi muni shi ne a cire kullutu a ƙaramin asibitin unguwa a jefar ba a auna ba. Bayan wata 6 abu ya dawo, babu wanda ya san mene ne aka cire. Duk abin da aka yanka daga mama ko fata, komai ƙanƙantarsa, a kai shi gwaji.

Sakamakon farko zai ce daji ne ko ba shi ba ne, da nau'insa. Na biyu, wanda ake kira IHC, kuɗinsa daban, kuma shi ne mutane suke tsallakewa don rage kashe kuɗi. Kada a tsallake. Shi ne yake nuna alamomi uku a jikin tsokar: ER, PR da HER2. In ER ko PR sun fito, cutar tana cin abincinta ne daga sinadarin mata, kuma ƙwaya mai sauƙin kuɗi, irin tamoxifen, tana tare ta. In HER2 ya fito 3+, akwai allura ta musamman mai suna trastuzumab; in 2+ ne sai an ƙara wani gwajin kafin a yanke. In duka ukun babu, kemo ne babban makami, kuma wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Wadda za ta canza asibiti ta nemi a ba ta dunƙulen kakin da aka adana tsokarta a ciki tare da gilasan, don kada a sake cirar wata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta ce a kammala duk wannan bincike cikin kwana 60 daga zuwan farko. Iyali su rubuta ranar su riƙa ƙirgawa, su riƙa bibiyar sakamako da ƙafarsu.

Daga nan sai a duba ko cutar ta tafi wani wuri: hoton ƙirji da ciki, wani lokaci da na ƙashi. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna mata sama da 32,000 suka kamu da dajin mama a Nijeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu, kuma babban dalili shi ne akasari suna zuwa a mataki na 3 ko na 4.

Saboda haka kada a yi mamaki in likita ya ce kemo za a fara kafin tiyata. Ba jinkiri ba ne. Ana so ƙarin ya motse har ya yanku da kyau. Tsarin da aka fi bi shi ne doxorubicin da cyclophosphamide duk mako 3 har sau 4, sannan paclitaxel ko docetaxel, duka kusan wata 5 zuwa 6. Ana lissafa yawan maganin da tsawo da nauyin mara lafiya, shi ya sa ake aunawa kowane zuwa. Kafin a fara ana hoton zuciya, domin doxorubicin yana iya taɓa ta. Kafin kowane zagaye ana gwajin jini. In fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa a ɗaga da mako 1. Doxorubicin ja ne, fitsari zai yi ja kwana 1 ko 2, ba jini ba ne. In wurin allurar ya fara zafi ko kumburi ana cikin sawa, a kira nas nan take, domin in ya zuba a ƙarƙashin fata yana cin nama. Gashin kai yana zubewa mako 2 zuwa 3 bayan zagayen farko, yana kuma dawowa bayan an gama.

Haɗarin da muke so kowane gida ya riƙe shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 da 14 bayan kemo garkuwar jiki tana ƙasa ƙwarai. A Legas duk zafin jiki maleriya ake ce masa, a aika yaro kemis. Ga mai kemo, zafin da ya kai 38 a ma'auni na asibiti ne a daren, ba sai gari ya waye ba, kuma a faɗa wa likitan gaggawa ranar da aka yi kemo na ƙarshe. A sayi ma'aunin zafi a ajiye a ɗaki. Mai kemo ba ta shayarwa. Mai ciki ana iya yi mata wasu nau'ukan bayan wata 3 na farko, amma ba gashi, ba tamoxifen, ba trastuzumab. Maganar azumi kuwa a yi ta da likita tun kafin wata ya kama, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Abin da ya fi ɓata sakamako shi ne tsayawa a zagaye na 2 ko na 3 don ƙarin ya motse ana ganin an warke, ko don kuɗi ya ƙare. Cutar tana dawowa da ƙarfi. Tun ranar farko a ce: “Likita, a rubuta mana kuɗin dukkan zagayen, da gwaje-gwaje, da tiyata, da gashi.” Da wannan takardar ake zama da dangi da 'yan kasuwa da jama'ar masallaci a tara kafin a fara. Trastuzumab shi ne mafi tsada, ana yin sa duk mako 3 har shekara 1. A tambaya ko akwai shirin rangwame. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, wanda ya fara da dajin mama, na bakin mahaifa da na prostate, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ofishin walwala na asibiti ne wurin tambayar yadda ake shiga. Mai katin inshorar lafiya na jihar Legas (Ilera Eko) ko na tarayya (NHIA) ya nemi a nuna masa a rubuce abin da katin ya ɗauka.

Tiyata iri biyu ce. Ƙaramin ƙari ana iya cire shi a bar maman, da sharaɗin za a yi gashi bayan nan. Wadda ta san ba za ta iya gashi ba kada ta zaɓi wannan. Babba kuwa cire maman ake yi da kaluluwar hammata. Ana fita da robar tsane ruwa, a cire ta in abin da ke fita ya koma ƙasa da mililita 30 a yini. Motsa kafaɗa ana fara shi tun a asibiti. Muna roƙon mazaje su zauna a ɗakin likita ranar wannan shawara, domin tsoron kishiya ko saki ya hana mata da yawa tiyatar da za ta tsawaita rayuwarsu.

Gashi shi ne inda cibiyar Idi-Araba ta fi nuna amfaninta. Ana fara da hoton awo, a yi alama a fata, hannu a sama da kai. Wadda ba ta motsa kafaɗa ba a nan take shan wuya. Tsarin da ya yaɗu shi ne zama 15 cikin mako 3, Litinin zuwa Juma'a, wasu kuma 25 cikin mako 5. Kowane zama minti 10 zuwa 15 ne, babu zafi, kuma mutum ba ya ɗauke da wani haske a jikinsa, zai iya ɗaukar jika. Wahalar a hanya take. Daga Agege, Mile 12 ko Alaba Rago kullum cikin cunkoso, mutum ya gaji ya fara tsallake kwanaki, tsallakewa kuwa tana rage ƙarfin aikin. Mai dangi a Idi-Araba ko Mushin ya sauka wurinsu na makonnin. A wurin da ake gasawa ba ruwan zafi, ba man zafi, ba dirza da soso. Bayan nan mai ER ko PR za ta sha tamoxifen miligiram 20 kullum shekara 5 zuwa 10, ko letrozole in ta daina al'ada. Zubar jini ta gaba ga mai shan tamoxifen a kai wa likita.

Dajin fata a baƙar fata ba ya zuwa yadda yake zuwa wa Bature. Na farko shi ne wanda ke tsirowa a tsohon tabon ƙuna ko gyambon ƙafa da aka yi shekaru ana wankewa. In bakin gyambo ya tashi ya juyo waje, ya fara wari da jini, nama ya tsiro, a ciri tsoka daga gefensa a wuri fiye da ɗaya, a kuma taɓa kaluluwar matsematsi. Ana yankewa da tazarar lafiyayyen nama kamar sentimita 2, a yi dashen fata daga cinya. In an bari ya kai ƙashi, sai yanke ƙafa. Ban da LUTH, asibitin ƙashi na Igbobi ma yana da sashen ƙuna da dashen fata.

Na biyu baƙin tabo ne a tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wanda likitoci ke kira melanoma. Ana ɗaukarsa kaushi ko ƙaya, a kai wa mai yankan farce ya kankare. Kankarewar tana ɓata awon kaurinsa, da kaurin kuwa ake sanin faɗin da za a yanka: sentimita 1 in bai wuce milimita 1 ba, sentimita 2 in ya haura milimita 2. Tabon da ya wuce milimita 6, bakinsa ba daidai ba, launinsa ya gauraya, ko yana girma, a kai shi yadda yake. Wannan nau'in ba ya jin kemo na yau da kullum sosai, sababbin alluransa kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka tiyatar wuri ita ce damar. Jajayen ko baƙaƙen ƙulle-ƙulle masu yawa a ƙafa da kumburi kuwa, likita zai nemi gwajin ƙanjamau. Kada a ji haushi, domin in ita ce, maganinta kaɗai yana rage su.

Masu lalurar zabiya su ne suka fi kowa shiga haɗari, musamman masu talla, dako da gadi a rana. Cutar tana kama su tun suna samari, a kunne, wuya, fuska, leɓe da bayan hannu. Tana farawa da wuri mai kaushi da saɓa. A wannan matakin ana daskarar da shi da ruwan sanyi na musamman cikin 'yan mintuna a asibitin fata. In ya zama gyambo sai yanka da tazarar milimita 4 zuwa 6, wani lokaci da gashi. Su ga likitan fata duk wata 6 ko babu komai, su sa malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu, su shafa man kariya mai lamba 50 duk awa 2, su guji rana daga ƙarfe 10 zuwa 4. Iyaye su fara wannan tun yaro yana goye.

Asibitin koyarwa na gwamnati ba ya rabuwa da layi, kuma yajin aikin likitoci na ƙasa yana iya ɗaga ranar tiyata. Mutumin Agege zai iya fara bincike a LASUTH, asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, ya fi masa kusa. Mai hali akwai cibiyoyi masu zaman kansu a Victoria Island, irin su Lakeshore da Marcelle Ruth, inda abu ke sauri amma kuɗi ya fi yawa. Wasu suna yin hoto da cirar tsoka a can, su kawo sakamakon Idi-Araba don magani, kuma tsari ne mai kyau muddin an taho da dunƙulen tsokar. Da Turanci, Yarbanci ko Burokin ake magana a asibitocin, don haka wadda ba ta ji ta zo da 'yarta ko ƙanwarta mai karatu, mutum ɗaya da zai riƙa zuwa kowane lokaci. Mace tana da damar neman nas mace ta tsaya a ɗakin yayin dubawa. A sami jaka ɗaya a zuba katin asibiti, hotuna, takardar tsoka, ta IHC da ta kowane zagayen kemo, a kuma ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin a miƙa ta.